Monologue ko MicroFreak: wanne ya fi dacewa da ɗan situdiyo a Zariya?

Ɗan'uwa, ka ce kana da ɗan situdiyo a Samaru, kana neman sintisaiza, wato na'urar ƙirƙirar sautin kiɗa, mai sikwensa a cikinta, wato abin da ke jera sautuka yana maimaita su da kansa, don ka riƙa jera kiɗa ba sai ka kunna kwamfuta ba, kuma ka rasa na zaɓa tsakanin Korg Monologue da Arturia MicroFreak. Ni dai Monologue zan ce maka, amma da sharaɗi.

Mu fara da sikwensar, tunda ita ce ta kawo ka. Monologue, ta kamfanin Korg na Japan, taki 16 gare ta, wato gurabe 16 na jera sauti, kuma kowane taki da maɓallinsa a gabanka. Ka danna ya kunna, ka sake dannawa ya yi shiru, kiɗan na tafiya kana gyarawa. Tana kuma riƙe motsin hannunka a kan manoɗai, wato maɓallan murɗawa, har guda huɗu, ta maimaita shi yadda ka murɗa. MicroFreak, wadda Arturia ta Faransa ta fitar a 2019, tana kai taki 64, ga zubi biyu, A da B, a kowane sauti da ka ajiye. Sai dai gyaran taki ɗaya a cikinta sai ka bi ta ɗan ƙaramin allonta, akwai cin lokaci.

Ga inda tsawon ke da amfani. Yawancin kiɗanmu, irin salon kalangu, uku-uku yake tafiya, don haka taki 12 za ka saita. A Monologue zagaye ɗaya ka samu ke nan, ya ishi bes ya yi ta juyawa. A MicroFreak kuwa ka sa 48, zagaye huɗu, har karin amshi ya shiga ya fita bai maimaita kansa ba. Ita tana iya fitar da murya huɗu lokaci guda, Monologue ɗaya tak.

To me ya sa na ce Monologue? Wuta. Batir AA guda shida take ci, in an ɗauke wuta aikinka bai tsaya ba. MicroFreak ma tana tashi da fawa banki ta USB, amma madanninta ba irin na fiyano ba ne, faranti ne shimfiɗaɗɗe da ke jin taɓawar fatar yatsa, kuma wani lokaci yakan rikice idan ba da cajarta ta asali aka haɗa ta ba. Wanda hannunsa ya saba da Yamaha zai ɗan sha wuya kafin ya saba. Sannan sautin Monologue analog ne zalla, wato ba na dijital irin na kwamfuta ba, besinta na da kauri, kuma kana iya saita kowace murya sama ko ƙasa kaɗan har ta yi daidai da goge ko garaya.

Sharaɗin kuwa: duka biyun ba su da lasifika, ba su da amsa-kuwwa a ciki, kuma ba za su ba ka cikakken kiɗan ganguna irin na fiyanon biki ba. In abin da kake nema ke nan, riƙe kuɗinka.

In ta hannu za ka saya, murɗa kowane manoɗi kana saurare da abin kunne. Ƙurar hunturu kan shige su, sai ka ji suna ƙarar-ƙarar. Ka kuma tambayi caja, don Monologue ba ta zuwa da ita a kwali.