Hattara da mai tallar "taswirar zinare" a Kaduna

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo tsakanin Rigasa da Mando da kwamfuta a jaka, yana nuna wa masu gonaki hoton filayensu da tauraron ɗan'adam ya ɗauka. A hoton akwai ɗigo uku a jere: shuɗi, kore, ja. Sai ya rage murya ya ce wai hasken zinaren da ke kwance a ƙasa ne, irin na Birnin Gwari, a ba shi kuɗin awo ya kawo masu tono. Saura ƙiris Baffana ya kai shanunsa kasuwa.

Ba zinare ba ne, jirgin sama ne ya gifta.

Kyamarar tauraron ba ta ɗaukar launuka a tare kamar ta wayarka. Shuɗi daban take ɗauka, kore daban, ja daban, ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma tauraron na gudun kusan kilomita 7 a daƙiƙa. Daga baya ne kwamfuta ke ɗora su kan juna. Gona da bishiya da rufin kwano suna nan inda suke, don haka launukansu suke haɗuwa daidai. Jirgi kuwa, kafin a ɗauki launi na gaba ya riga ya ƙara gaba. A tauraron Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, tsakanin shuɗi da ja kusan daƙiƙa ɗaya ce, jirgin da ya daidaita a sama kuma yana cin fiye da mita 200 a wannan ɗan lokacin. Shi ya sa jirgi ɗaya yake fitowa sau uku, kowane da launinsa. Tirela a hanyar Abuja ma tana barin irin wannan jelar, sai dai tata gajera ce.

Abin haushin ma, hotunan Sentinel-2 kyauta ne a intanet. Kayan banza yake sayar wa mutane.

In ya zo muku, ku ce ya buɗe hoton gonar na wata ranar daban. Tauraron na sake ɗaukar wuri ɗaya kusan duk kwana 5, ba shi da uzurin cewa babu. Za ku ga ɗigon ya ɓace. Kuma wannan kyamarar saman ƙasa kawai take gani, ba ta leƙa ƙarƙashi. In ya fara kame-kame, kada ku ba shi ko sisi, ku riƙe lambar wayarsa ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda.