Wasiƙa daga Saitama: takardar bango da 'yar bishiyar kasko

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da su Hajiya da yara baki ɗaya. Ka tambaye ni game da hoton nan da na tura maka, na 'yar bishiya a kan teburi da doguwar takarda rataye a bayanta, ko kaya ne da zai karɓu a shagonka idan na cusa maka kaɗan a kwantena tare da kayan gyaran mota. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Takardar sunanta kakejiku, bishiyar kuwa ka san ta, bonsai, wadda ake reno a kasko ta zauna 'yar ƙarama. A gidan Japanawa na gargajiya akwai wani gurbi a bangon ɗakin baƙi da suke kira tokonoma. Daɓensa ya ɗan tashi, ba a zama a ciki, ba a takawa, ba a ajiye tarkace. Nan ake rataye takardar, a ɗora bishiyar a kan ɗan teburi, wani lokaci a ƙara 'yar ciyawa a ƙaramin kasko ko wani dutse. Shi ke nan. Ka tuna jeren kwalla da tasoshi a ɗakin Inna, yadda ba ka ganin bango? To su nan bangon ne rabin adon.

Inda na fara ganin abin da idona shi ne Omiya, ba nisa da inda nake aiki. A can akwai unguwa guda ta masu renon bonsai. Bayan girgizar ƙasar 1923 da ta rushe Tokyo, masu wannan sana'a suka fito neman fili da ruwa mai kyau da iska, suka kafa unguwar a 1925. Dokokin zama a wurin a farko har da cewa sai kana da bonsai aƙalla goma, ba ka gina bene, kuma ƙofarka a buɗe take ga mai son kallo. Yanzu lambunan da suka rage ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. A 2010 hukumar birnin Saitama ta buɗe gidan adana bonsai a nan, tafiyar minti biyar daga tashar jirgin Toro. Yen 310 na biya na shiga, kuɗin da bai kai na kwanon taliya ba. A ciki sun gina ɗakuna uku masu tokonoma, daga mai tsananin ƙa'ida zuwa mai sassauci, suna kiran su shin da gyo da so, kuma suna sauya abin da ke ciki a kai a kai.

Na fito daga nan da zumuɗi. A bikin bonsai da ake yi a unguwar daga 3 zuwa 5 ga Mayu na sayi ɗan matsu, itacen nan mai ganye kamar allura, wanda bai kai kamu biyu ba. Saura takarda.

Ga abin da zai ba ka mamaki: tsohuwar kakejiku araha take kamar banza. A kasuwar tsofaffin kaya da ake ci wasu ranakun Lahadi a farfajiyar Tokyo International Forum za ka ga an zuba su a kwali, a nannaɗe, kamar rake. Haka a Kyoto, a kasuwar haikalin Toji ta ranar 21 ga kowane wata da ta Kitano Tenmangu ta ranar 25. Dalili shi ne gidajen zamani ba su da tokonoma. Tsoho ya rasu, 'ya'ya suna zaune a bene mai ɗaki biyu, sai su kira masu kwashe kaya a share gidan. Yen 3,000 na ba da na ɗauki guda, zanen wani katon matsu a bakin dutse, da alharini mai ruwan zinariya kewaye da shi. Har na taya ƙasa, mai kayan ya rage mini ɗan abu, wanda a shagunan nan ba a yi. Na ce a raina matsu da matsu, ai an dace.

Na kai hoton haɗin nawa wajen dattijon da na sayi bishiyar a lambunsa. Ya duba wayar, ya cire tabarau, ya sake dubawa. Sai ya ce, a hankali don in gane da ɗan Japanancina na wajen aiki: bishiya tana nan a gabanka, me ya sa za ka sake zana ta a bango? Wato na yi tuwo, na yi miya da tuwo.

Ya zaunar da ni a bakin baranda ya kawo shayi, ya yi mini karatun da ban biya ko sisi ba. Takarda ba ta maimaita abin da ke cikin kasko. Aikinta ta faɗi abin da bishiya ba za ta iya faɗa ba, wato wuri da lokaci. Ka rataye zanen ruwa yana zubowa daga tsauni, bishiyar ta koma ta bakin kwazazzabo a tsakiyar zafi, mai kallo ya ji sanyi. Ka rataye wata a cikin hazo, ko jerin dinya suna wucewa, an shiga kaka. Fitowar rana ko dutsen Fuji na sabuwar shekara ne. Kuma ana ɗan riga lokaci, ba a bin bayansa: zanen furen da ya riga ya kaɗe a waje abin kunya ne a bango. Sannan takardar kada ta fi bishiyar ƙarfi. Tawada mara kauri, fili da yawa babu komai, ƙyalle mai launin ƙasa ko toka. Nawa mai ruwan zinariya, in ji shi, ihu yake yi. Abu na ƙarshe, kowace bishiya tana da inda ta karkata. Idan ta karkata dama, a ajiye ta hagu don ta fuskanci takardar, 'yar ciyawar kuma ta tsaya ɗaya gefen tana tare ta. In ka juya ta, sai ka ga kamar miji da mata sun yi faɗa.

Akwai 'yan takardu a shagonsa na sayarwa. Na nuna wata mai tsada da ta burge ni, ya girgiza kai ya ce ta yi wa bishiyata girma, zai zama kamar yaro da babbar rigar ubansa. To, ba haka ya faɗa ba, ni na ƙara rigar, amma ma'anar kenan. Ya ƙi sayar mini. Yaya, kai ɗan kasuwa ne, ka faɗa mini tsakani da Allah, mu nawa ne za mu mayar da kuɗi aljihun mai su? Ya zaɓo mini wata siririya mai rabin kuɗin, farin wata ne kawai da ɗan hazo a ƙarƙashinsa. Ta zo mini daidai ta wata fuskar ma, don babu mai rai a jiki, kuma a ɗakin nake salla.

Tsadar tana wajen aikin hannu. Waccan ta farko tana da 'yar yagewa a gefe, ni kuma da wayona na manna mata salatif. Da na kai ta wajen mai gyaran irin waɗannan takardu, hyogushi suke ce masa, ya ga salatif ɗin, sai da ya ja numfashi. Ya nuna mini yadda ake yi: zanen ana lulluɓe bayansa da takardar hannu ta washi, shimfiɗa a kan shimfiɗa, da ƙullun sitacin alkama. Wani ƙullun ma sai ya shekara kusan goma a cikin tulu kafin a taɓa shi, don ya yi laushin da takarda za ta naɗu ba ta karye ba, kuma wanda zai zo bayan shekaru ya iya jiƙa ta ya ɓare ya sake sabuwa. Kuɗin da ya yanka mini ya ninka abin da na sayi takardar fiye da goma, kuma sai na jira watanni. Na naɗe kayata na yi godiya. A gida akasin haka ne: gilashi da katakon firam su ne kuɗin, mai zayyanar da ya kwana uku a kan allo kuwa a ba shi abin da ya samu. Wannan ya tsaya mini a rai, don na san irin hannun da ke kasuwar Kurmi, da dukawan da ke ɗinka gafaka.

Sabuwar takarda a shago tana zuwa da akwatinta na wani katako da suke kira kiri, mara nauyi, mai hana laima, da 'yar sanda mai baki biyu ta ratayewa. Ba a barin ta a bango shekara da shekaru kamar kalanda. Ana saukewa, a naɗe, a ɗaure, lokaci-lokaci a fito da ita ta sha iska a inuwa.

Bishiyar ma haka. Wannan kuskuren ya fi ci mini rai. Na bar ta a ɗaki mako biyu da na'urar sanyaya ɗaki a kunne don ina jin daɗin kallonta, sai allurorin suka fara ja. Ashe bonsai ɗan waje ne, kwana biyu ko uku yake yi a tokonoma a mayar da shi rana, kuma da zafi sai an ba shi ruwa sau biyu ko fiye a yini. Dattijon ya karɓe ta jinya. Wannan ma sana'a ce a nan: lambu yana riƙe maka bishiya kana biya duk wata, kamar yadda muke ba Fulani kiwo, ka zo ka ɗauka ranar da za ka yi baƙi. Manyan bishiyoyin da ake kaiwa baje kolin Kokufu a unguwar Ueno ta Tokyo kowace Fabrairu, wanda aka fara tun 1934, da yawansu a hannun masu reno suke kwana, mai su sai dai ziyara. Har haya ake bayarwa ga otal-otal da gidajen abinci, a zo a sauya musu.

To batun shagonka. Bishiya dai ka cire rai: ba ta shiga kwantena, fitar da ita da ƙasarta sai da takardun hukumar duba tsirrai, kuma matsu yana son hunturu na gaske, zafin Afrilu a Kano zai gama da shi. Takardun bangon kuwa zan iya turo maka biyar ka gwada, na duwatsu da wata da ruwa, amma ina jin tsoron ƙurar hunturu da bushewar iska, ga gara, ga kyankyaso da ke son sitaci. Abin da na fi so ka gwada shi ne ka sa ɗaya daga cikin masu zayyanarka ya yi rubutu siriri a tsaye, ya bar fili, a ɗora a kan saƙi mara hayaniya maimakon gilashi. Tsamiya da kuka da cediya duk ana yin bonsai da su a ƙasashe masu zafi, na ga hotunansu. Ka ce wa Auwalu ya tono mini 'yar tsamiyar nan ta bayan rijiya idan damina ta sauka, ya sa ta a kasko mai huji a gindi, kada ya yanke komai sai na turo masa almakashin da wayar lanƙwasa reshe.

A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana cikin kaya na gaba.