Bambancin lubban ɗin Oman da maidi na Somaliya

Malama, kin tambaya ko lubban ɗin Oman da wanda 'yan kasuwa ke kira maidi ƙaron itace ɗaya ne, kuma wanne ya fi a cikinsu. Itatuwa biyu ne daban, sai dai 'yan gida ɗaya ne da masana tsirrai ke kira Boswellia, gidan da hano ya fito daga cikinsa.

Na farkon sunansa Boswellia sacra, kuma yana fitowa a yankin Zufar da ke kudancin Oman, da Hadaramaut da Mahra a Yaman, da kuma arewacin Somaliya, inda ake kiran ƙaronsa beyo. Tsayinsa tsakanin mita 2 ne zuwa 8, yakan yi rassa tun daga gindi, ɓawonsa kuma yana saɓulewa kamar takarda. Na biyun, wato Boswellia frereana, a arewacin Somaliya kaɗai yake fitowa da kansa, musamman a tsaunukan Sanaag da Bari. Dukansu suna son fari da dutsen farar ƙasa, amma maidi ya fi taurin kai: yakan tsiro a jikin tsagwaron dutse, a gangaren da ko akuya sai ta yi da gaske, gindinsa ya kumbura ya baje ya manne wa dutsen, ba tare da wata ƙasa ta kirki a ƙarƙashinsa ba. Wannan shi ya sa ɗibarsa take da hatsari.

Hanyar samun ƙaron kusan iri ɗaya ce. Ana kankare ɓawon da wata 'yar wuƙa, sai farin ruwa mai kama da madara ya tsattsafo, a bar shi ya daskare, bayan kamar mako biyu a dawo a sake buɗe wurin. Abin da ya fito a yankan farko ba shi da daraja sosai, na baya ne ya fi tsabta da ƙamshi. A wurin sacra ƙaron yana taruwa ƙanana-ƙanana a bakin yankan, shi kuwa maidi gangarowa yake yi a jikin itacen, ya yi ta hawa kan na jiya har ya zama manyan ɓaraguzai masu launin zinariya, kuma girman ɓarin ne ke ƙara masa kuɗi. Mutanen Oman suna raba nasu ne bisa wurin da itacen ya tsiro: hojari na can cikin busassun kwaruruka, inda hazon damina ba ya kaiwa sosai, shi ne kan gaba, sha'abi na kusa da teku kuma shi ne na ƙasa.

Babban bambancin yana cikin ƙaron kansa, kuma nan ne masu saye suka fi ruɗewa. Ƙaron sacra yana ɗauke da sinadarin boswelik, wanda masu bincike ke nazari a kansa game da kumburi, yana kuma da wani kaso da ke narkewa a ruwa. Maidi kusan ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Don haka ba ya ɗaci ko dagargajewa a baki, ya zama abin taunawa mai daraja a Saudiyya da Yaman. A kan garwashi kuma, ƙamshin sacra yana da kaifi da ɗan kamannin lemon tsami, na maidi ya fi sanyi da zaƙi.

A ganina, wanda turare yake nema, hojari mai kyau zai wadatar da shi, ga shi kuma shi ne mai tsohon tarihi, domin a shekarar 2000 UNESCO ta sanya Wadi Dauka, wani kwarin itatuwan lubban a Oman, da tsoffin tashoshin cinikinsa, irin su Al-Balid da Khor Rori, cikin wuraren tarihi na duniya. Mai son taunawa ya nemi maidi. Wanda kuwa aka sayar wa maidi da sunan yana da boswelik, tsadarsa ba za ta sanya masa abin da Allah bai halitta a cikinsa ba. Kuma kowanne kika zaɓa, ki tambayi inda aka ɗebo shi, saboda itacen yakan kai shekara 8 zuwa 10 kafin ya fara ba da ƙaro, kuma yawan yanka ba hutu yana raunana shi, ya rage masa 'ya'ya, wani lokaci ma ya kashe shi.