Garantin Sabuwar Mota a Wajen Wani Dillali a Kano

Na sayi sabuwar mota fil a wajen wani dillali a Kano, kuma takardar garantin ta ce shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Ba a daɗe ba giya ta fara fizga da zarar motar ta ɗauki zafi, sannan kowace safiya nakan tarar da ɗigon jan mai a ƙasa inda ta kwana.

Ma'aikatan garejinsu sun karɓe ni cikin mutunci. Amma da aka zo batun gyara, sai manajan ya ce garantin ya rushe, wai don an yi juyen baƙin mai a wajen bakaniken unguwa, alhali sharaɗin yana can shafin ƙarshe cikin ƙananan haruffa, kuma babu wanda ya ambata mini shi ranar da na biya kuɗi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sun kasa nuna mini yadda baƙin man inji zai lalata giya, tunda kowanne da nasa man.

Na kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, domin ba zan biya kuɗin wannan gyaran daga aljihuna ba.