Shekara guda da rumbun bayanai: inda ya huta da ni da inda ya ba ni ciwon kai

Ni ke haɗa rahoton ƙarshen wata a wurin aikinmu. Kafin mu koma rumbun bayanai, wato ma'ajiyar kwamfuta guda da ake tara bayanan duk sassan kamfani don ciro rahoto, duk ranar ɗaya ga wata sai na raba dare a gaban kwamfuta. Sashen ciniki ya turo fayil, sashen kuɗi ya turo nasa, masu kula da sito su turo nasu, kuma ba a taɓa samun biyu da jimillarsu ta zo ɗaya ba. A taro manajan ciniki ya faɗi adadi, akanta ya ce ba haka ba ne, sai kowa ya juyo yana kallona kamar ni na sa bambancin a aljihu.

Rumbun da muka ɗauka na gajimare ne, wato yana kan kwamfutocin wani kamfani muna shiga ta intanet, sunan kamfanin kuma zan bar shi. Kowane dare ana kwaso bayanai daga manhajojin sassan nan uku, a sauke su yadda suka zo a wuri guda, a tsaftace, sannan a zuba cikin teburan bayanai (jadawali masu layi da ginshiƙi) da muke ciro rahoto. Saurinsa ne ya fara burge ni. Yana ajiye bayanai ginshiƙi-ginshiƙi ne, ba layi-layi ba, don haka idan tambayata ta SQL (yaren da ake tambayar rumbu da shi) kwanan wata da adadin kuɗi kawai take so, su biyun zai karanta ya ƙyale saura. Shafin Excel ɗaya layi 1,048,576 yake ɗauka, cinikinmu na shekara kuwa ya wuce haka. Yanzu ina tambayar shekara uku a dunƙule, kafin in gyara zama amsa ta fito.

Amma ba don sauri nake yabonsa ba. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne mun ajiye kowane ciniki a layinsa: wane kaya, ga wa, ƙarfe nawa, an yi ragi ko ba a yi ba. Da farko wasu sun so a riƙa tara jimillar yini kawai don a rage wuri. Mai ba mu shawara ya ƙi, ya ce masana biyun da aka fi ji da su a fannin, Bill Inmon da Ralph Kimball, sun saɓa a kan yadda za a tsara teburan tun shekarun 1990, amma dukansu sun yarda a ajiye bayani dalla-dalla. Na ga gaskiyarsa ranar da shugabanmu ta tambaya a tsakiyar taro, “Wannan faɗuwar ta watan jiya, daga ina take?” Na bi ta daga jimilla zuwa yanki, daga yanki zuwa reshe, har na dire kan abokan ciniki biyu da suka daina saye. Da jimilla kaɗai muka adana, da sai dai in ce zan bincika.

Tsaftacewar ce aikin, kuma a nan gizo ke saƙar. Masu tallan rumbun ba sa daɗewa a kan wannan. Abokin ciniki ɗaya muka tarar sau uku: da manyan baƙaƙe, a taƙaice, da kuma wanda aka bar masa ɗan fili a ƙarshen suna wanda ido ba ya gani. Kwanan wata ma haka. Idan aka rubuta 03/04, a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu, mu kuma manhajojinmu kowace da wadda take bi. Sai batun agogo: cinikin da aka yi daf da sha biyun daren ƙarshen wata yana iya faɗawa cikin wani wata daban idan aka mayar da shi lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Ko kalmar “ciniki” sai da muka kai ruwa rana. Ranar da aka yi oda ce, ko ranar da kaya suka fita, ko ranar da kuɗi suka shigo? Rumbu ba ya yanke wannan hukunci, sai da muka zaunar da shugabannin sassa suka sa hannu.

Kuskure mafi muni namu ne. Mun sa ƙa'ida cewa duk layin da kuɗinsa ya gaza sifili a watsar da shi, a zatonmu shara ce. Ashe kayan da aka dawo da su ne. Wata biyu rahotona yana nuna riba fiye da gaskiya, ana ta yaba mana. Abin da ya cece ni shi ne ɗanyen kwafin nan da muke saukewa kafin tsaftacewa, daga shi muka sake gina komai. Tun daga ranar ba ma goge layi, sai dai mu yi masa alama mu ware shi gefe.

Inda nake da ƙorafi a kan rumbun kansa, kuɗi ne. Ana cajin mu gwargwadon bayanan da tambaya ta karanta, kuma ba ya gargaɗi da ƙarfi. Wani abokin aiki ya saita allon rahotonsa ya riƙa sabunta kansa bini-bini, yana jawo duk ginshiƙan babban tebur, ba mu farga ba sai da takardar kuɗi ta iso. Sannan bayanan jiya ne kullum. Mai son sanin abin da ya rage a sito yanzun nan, ya koma manhajar sito.

Akwai kuma wanda har yau bai bar ni na sake ba. An gina rumbu ne don kada ya manta, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 kuwa ta ba mutum damar neman a goge bayanansa. Buƙata ta farko da ta zo mana, sai da muka yi ta lalube tebur bayan tebur, har cikin ɗanyen kwafin da nake taƙama da shi. Yanzu muna kan raba sunaye da lambobin waya zuwa tebur guda mai makulli, sauran teburan su riƙe lambar shaida kawai. Mun ci rabi, teburan sito ne suka rage.