Val Thorens a watan Afrilu: ƙanƙara ta burge ni, mai hayar takalma ya ɓata min rai

Ni ce na matsa muka zaɓi Val Thorens, garin wasan zamiyar ƙanƙara da ke tsaunukan Faransa. Maigida ya so mu je wani ƙaramin wuri kusa da Liyon saboda sauƙin kuɗi. Na ce masa hutun yara ya faɗo cikin Afrilu, lokacin da wuraren da ke ƙasa-ƙasa ciyawa ta fara leƙowa, wasu ma sun rufe. Val Thorens kuwa a tsayin mita 2,300 yake, duk wuraren zamiyar ƙanƙara na Turai babu wanda ya kai shi, kuma har farkon Mayu ana yi. A nan ban ji kunya ba. Daga ƙofar masauki har ƙololuwar Cime Caron, kusan mita 3,200, ko'ina fari fat.

Hanyar dai sai haƙuri. Daga tashar jirgin ƙasa ta Moûtiers kusan awa guda ne a bas, kwana bayan kwana, mai yara ya tanadi leda. Daren farko ni da babban yaron mun kwana da ciwon kai saboda tsayin wurin.

Abin da ya lalata mana tafiyar shagon hayar kaya ne. Tun muna gida na biya ta intanet, na rubuta lambar ƙafar kowa. Da muka je layi har waje, mutumin ya miƙo wa autata takalmi ko auna ƙafarta bai yi ba. Tana sawa ta ce, "Mama, yana cizona." Na faɗa masa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce haka takalmin zamiya yake, dole ya kama ƙafa. Ni da na tashi a Damagaram, me na sani game da takalmin ƙanƙara? Na yarda da shi, har na yi wa yarinya faɗa cewa shagwaɓa ce. Wannan faɗan shi ya fi ci min rai har yau.

Awa biyu da rabi ta yi a ajin koyo. Da na je ɗaukarta tana ɗingishi, malamarsu ce ta ja ni gefe ta ce takalmin ya yi mata kaɗan sosai. Muka cire, babban yatsa ya kumbura, farcen ya yi baƙi. Na koma shagon rai a ɓace. Sai cewa ya yi wai safarta ce ta yi kauri. Safa! Ya canza mana wani, amma ko ba da haƙuri bai yi ba, balle ragi.

Kwana biyu ba ta iya sa takalmi ba, darasin da muka biya ya tafi a banza. Wanda ya san ƙanƙarar Afrilu ya san asarar da aka yi min: da sassafe tauri gare ta kamar daɓe, wajen ƙarfe goma ta yi laushi daidai, bayan azahar kuma ta zama kamar garin rogo da ya sha ruwa. Wannan ɗan tsakanin shi ne daɗin, ni kuwa ina ɗaki ina gasa wa yarinya ƙafa, ina hangen mutane ta taga. A nan na lura garin ko bishiya ɗaya babu, duwatsu ne da dogayen gine-gine. Wanda ba zamiya ya zo yi ba zai gaji da zama. Abinci ma sai an yi ta tambaya, don tartiflette ɗin da suke yabo da naman alade ake yin sa. Mu dai taliyarmu da yajin da na taho da shi muka riƙe.

Maigida da babban yaron kam sun more, kullum sai fuska ta ƙone da rana suke dawowa, suna ba ni labarin sun leƙa har Méribel, wani garin zamiya da ke yankin. Da farko tauraro biyar na yi niyyar bayarwa saboda ƙanƙarar. Jiya farcen yarinyar ya cire, na mayar da shi uku.