Hawan Sallar Damagaram: a waya ko a ƙofar fada?

Ƙanena da ke karatu a Yamai, ka tambaya ko ya cancanci ka ci hanyar kusan kilomita 900 don hawan Sallah, tunda yanzu ana haska shi kai tsaye a Facebook da TikTok. Na gwada duka biyun.

Wajen gani, waya ta yi gaba, ba gardama. Mai ɗauka yakan samu tudu ko saman katanga, ya jawo maka fuskar Sultan Abubakar Sanda a ƙarƙashin laima, har adon linzamin doki ka gani. A Birni kuwa, in ba ka yi sammako ba, ƙeyar mutane da jajayen rigunan dogarai ne rabonka. Ga rana, ga ƙura har cikin haƙori.

Sai dai kunne. Makirfon waya ƙarami ne, in ƙara ta yi yawa sai ya danne ta, shi ya sa tambari ke fitowa kamar ana dukan kwali. A ƙofar fada a ƙirji ake jin sa. In aka busa kakaki, algaita ta karɓa, mata suka rangaɗa guɗa, tsikar jiki ce ke tashi. Bara wata tsohuwa kusa da ni ta ji kirarin gidansu, ta cafke hannuna tana hawaye, alhali ba ta san ni ba. Wannan ba ya shiga bidiyo.

Rezo ma abin dubawa ne. Dubban wayoyi a kan eriya guda, kowa na turawa, sai hoton ya tsaya cak daidai lokacin jafi, dawaki sun taso a guje kai kana kallon ƙwallo na juyawa. Kuɗin forfe na intanet kuma sun tafi. Amma ko kusa bai kai kuɗin mota zuwa da komowa ba, wannan gaskiya ce, ɗalibi ne kai.

Wanda nake tausayi shi ne na uku: ya zo fada, ya ɗaga waya sama tun fitowar Sultan har komawarsa, bai kalli hawa da idonsa ba, bidiyon ma duk rawa yake.

In aljihu ya yarda, taso. Ka ɗauki minti biyu don tsohuwa ta gani a WhatsApp, ka mayar da wayar aljihun gaba, saboda 'yan sane ma Sallarsu suke. In bai yarda ba, kalli na bana a waya, ka fara tarin na Babbar Sallah.